Kayan Da Ya Kamata A Shiga Ruwa Da Su: Shawarwari Ga Mai Hawa Allo Da Mai Tsallaka Gulbi

Duk mai latsa waya ya taɓa cin karo da hoton nan na mutum tsaye a kan wani dogon allo mai kama da ƙyauren ɗaki, riƙe da filafili mai doguwar ƙota, yana tuƙa kansa a kan ruwa. A tsibiran Hawai na Amurka wasan ya samo asali, inda masu koyar da hawan igiyar ruwa a bakin tekun Waikiki kan miƙe tsaye bisa allunansu don su hango ɗalibai. Daga farkon shekarun 2000 ya bazu ko'ina. Yanzu har akwai allon da ake hura wa iska, in an gama a sace iskar a naɗe shi cikin jaka, saboda haka ba abin mamaki ba ne gobe ka ga ɗan Sakkwato ya sauke nasa daga mota a bakin tafkin Kware.

Tuƙi a tsaye dai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Sarkawa da masu fito a gulbin Rima sun daɗe suna tsayawa a gindin kwalekwale suna dogara gwangwala, kuma wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, ya ga irin gwanintar da ake nunawa a ruwan Matan Fada. Ka duba jikin waɗannan mutane: ɗan wando, 'yar shara, gora. Babu abin da ke jan su. Mai wasan allo shi ma haka, yana barin gida da sanin cewa ko ba daɗe ko ba jima zai faɗa ruwa, shi ya sa yake zaɓar kayansa. Mu fasinjoji mu ne muke shiga kwalekwale da kayan kasuwa da na biki, bisa zaton ko tafin ƙafarmu ba zai jiƙe ba.

A Afrilun 2022 mutum 29, akasarinsu yara da matasa, sun rasu a ruwan Shagari a hanyarsu ta neman itace. A Mayun 2023 aka sake rasa yara akalla 15 a ƙaramar hukumar ta Shagari. Ranar Lahadi 17 ga Agusta, 2025, kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Ba tufafi ke kifar da jirgi ba. Lodin da ya wuce kima da tsufan katako da ƙarfin ruwan damina su ke yin wannan aiki, kuma gyaransu yana wuyan hukuma da masu jirage. Amma daga lokacin da mutum ya tsinci kansa cikin ruwa, abin da ke jikinsa yana cikin abubuwan da za su taimake shi ko su cuce shi, kuma wannan a gida ake shirya shi.

1. Rigar ceto ita ce tufa ta farko. A saye ta tun kafin buƙata ta taso, don ba a fafe gora ranar tafiya. Dokokin sufurin ruwa na 2023 na NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, sun wajabta sa ta, amma kowa ya san sau nawa ake samun ta a mashigi. Gidan da ke tsallaka gulbi zuwa gona ko kasuwa ko makaranta ya mallaki nasa, ko da ta hanyar adashi ne.

In za ka saya, juya cikinta ka karanta tambarin. Riguna masu inganci suna ɗauke da lamba tare da harafin N: 50, 100, 150 ko 275. Lambar tana nuna ƙarfin da rigar ke ɗaga mutum da shi. Mai 50 ta wanda ya iya iyo ce kuma yake kusa da masu taimako, ita 'yan wasan allo suka fi sawa don ba ta takura hannu. Wanda bai iya ruwa ba ya nemi mai 100 zuwa sama, mai kwala a bayan wuya. Mai 150 an yi ta ne yadda za ta birkito mutum fuskarsa ta kalli sama ko da ya suma. Ka zaɓi ta soso. Akwai wata siririya mai 'yar tukunyar gas da ke kumbura in an ja igiya, tana da kyan gani, amma ba ta dace da yaro ko wanda ya firgita ba, kuma in gas ɗin ya tashi sau ɗaya samun wani a nan aiki ne.

Sa ta ba rataya ta ba ne. A zuge zif, a ɗaure kowane maɗauri, sannan wani ya tsaya a gabanka ya kama kafaɗun rigar ya ja sama da ƙarfi. In ta haura kunnuwa, ta yi yawa, kuma a cikin ruwa haka za ta yi: ita ta taso, kai ka zame ta ƙasa.

Za ka ji wani dattijo a bakin gulbi ya ce, "Ai ruwan ga namu na, cikinai anka haihe mu." Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ranar da jirgi ya kife ba iyo kaɗai ake yi ba. Gefen jirgi kan buge kai, buhu kan faɗo wa mutum, kuma waɗanda ba su iya ruwa ba gwanin suke fara cafkewa, uku ko huɗu a lokaci guda. Ko a Amurka, tun 2008 dakarun tsaron gaɓar teku suka sa allon tuƙi cikin jerin jirage, suka ce duk wanda ya fita da shi daga wurin wanka sai da rigar ceto. Malamanmu kuma ba su taɓa cewa ɗaukar mataki ya saɓa wa tawakkali ba.

In rigar ba ta samu ba kuma tafiyar ta zama dole, jarka mai lita 25 wadda babu komai ciki, an rufe bakinta gam, tana iya ɗaga nauyin kusan kilo 25 a ruwa. Dabarar goran Sarkawa ke nan. Aibinta ɗaya ne: sai an riƙe ta, hannu kuwa yana gajiya.

2. A sauke goyo kafin a shiga jirgi. Wannan ita ce shawarar da na fi so uwargida ta riƙe, ko da ta manta sauran. Rigar ceto ba ta ɗauruwa a kan goyo. In ma an yi dabara an ɗaura, aikinta shi ne ta kwantar da uwa rigingine fuskarta sama, kin ga ke nan jaririn da ke baya shi ke ƙarƙashin ruwa. A kwance majanyi tun a tudu, uwa ta sa rigarta, ta rungume ɗanta a ƙirji. Jariri ɗan watanni kuwa, in akwai kaka ko kishiya ko maƙwabciya da za a bar wa, barin sa a gida ya fi.

Yaran da suka tasa a saya musu rigar daidai jikinsu. Nauyin da ta dace da shi yana rubuce a ciki da kilo. Mun saba sayen kayan yara da ɗan yalwa don su girma ciki, to ban da wannan. Ta yaro lallai ta kasance da maɗaurin da ke ratsawa tsakanin ƙafafu, shi ke hana ta zarewa ta kai. Kada a sa wa ɗan shekara shida rigar babansa a ce an fita hakki.

3. Babbar riga ta hau jirgi a ninke. Cikakken ɗinki, wato riga da 'yar ciki da wando, yakan ci yadi kusan goma. Mutane suna cewa jiƙaƙƙen kaya yana jan mutum ƙasa. Ba daidai haka abin yake ba, domin ruwan da ke cikin yadi bai fi wanda ke kewaye da shi nauyi ba. Ɓarnar ta wani wuri take zuwa. Shadda tana buɗewa cikin ruwa, ruwa mai gudu ya cika ta ya ja, hannun rigar ya nannaɗe hannun mai ita, gefenta ya maƙale a ƙusar jirgi ko reshen da ambaliya ta kawo. Sa'annan in an zo fitar da mutum, nan nauyin ke bayyana: masu ceto biyu su kama shi su kasa ɗagawa.

Saboda haka maigida, in ɗaurin aure za ka a tsallake, ninke rigar da rawanin ka sa a leda. Ka tsallaka da 'yar shara ko riga mai tsayawa a cinya, ka yi adonka a can ƙarƙashin bishiya. Minti biyar ne. Jallabiya da dogon kaftani su ma suna ɗaure gwiwa, ba sa barin ƙafa ta yi shuri.

4. Sutura da tsira ba sa faɗa da juna, in an yi shiri. Matsalar zani ita ce ɗaurinsa ba ya jure ruwa. Da ya kwance, mace mai kunya za ta saki abin da ta riƙe ta kai hannu ga zanin, ba tare da ta yi tunani ba. Maganin wannan dogon wando ne a ciki, mai roba ko mazagi a ƙugu, wanda bakin ƙafarsa ya tsuke. In yana nan, zani ya tafi inda zai tafi, hankalinki na kan ceton rai.

Dogon hijabi mai kaiwa idon sawu shi ma a yi masa yadda aka yi wa babbar riga. A ruwa yana tasowa sama ya lulluɓe fuska, hannuwa kuma suna ƙarƙashinsa. A sa ƙaramin hijabi mai tsayawa a ƙirji, a cusa gefensa cikin rigar ceto, rigar ceton ta zama ita ce a waje. Babban ya jira a leda har a sauka. Mayafi mai tsawo da ake yafawa a wuya a cire shi gaba ɗaya, musamman a jirgin inji, inda farfela ke juyawa.

'Yan matan da ke sha'awar wasan allo ko koyon iyo ba su ne na farko da suka fuskanci wannan tambaya ba. A 2004 wata 'yar Ostareliya mai asali da Labanon, Aheda Zanetti, ta ƙirƙiro kayan wanka na Musulma: riga mai dogon hannu har cinya, wando, da hular da ke haɗe da rigar. Ba sai an yi oda daga waje ba. Kowane tela da ya iya ɗinkin yadi mai talewa zai fitar da irinsa, a dai roƙe shi ya sa 'yar igiya ko maɓalli da zai haɗa gindin rigar da wandon don kada ruwa ya ɗage ta.

5. Jesin 'yan ƙwallo ya fi shadda da atamfa. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a jiki. Yadin roba irin na jesi da wandon motsa jiki yana zubar da ruwa ya bushe kafin ka kai gida, kuma yana nan jibge wurin 'yan gwanjo a babbar kasuwa. Wandon jins shi ne mafi muni: nauyi, tauri, ga goge cinya.

Da bazara jiƙaƙƙiyar auduga daɗi ma take yi. Da hunturu ne take cuta. A Disamba da Janairu sanyin asuba a Sakkwato kan sauko kusan digiri 15, ga iska busasshiya, ruwa kuma yana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi ninki kusan 25. Yaron da ya jiƙe da sassafe a hanyar fadama ya zauna cikin wannan iska da rigar auduga, kafin a kai gaci haƙoransa na kaɗawa. A irin wannan lokaci a ɗora 'yar rigar leda mai tare iska a kan jesin, a ƙarƙashin rigar ceto. Rigar sanyi mai kauri ta ulu ko ta bargo ta zauna cikin kayan canji.

Wani abu kuma ga masu sayayya ta intanet. Baƙar rigar roba mai kauri da ke manne wa jiki, wadda ake ganin Turawa da ita a hotunan wasan allo, an yi ta ne don ruwan Ingila da makamantansa, mai sanyin ƙanƙara. Wanda ya sa ta a nan cikin Afrilu, rana tana sama da digiri 40, zafi zai kayar da shi kafin ruwa ya kayar da shi. Kuɗin a sa su a rigar ceto mai kyau.

6. Rana a kan ruwa biyu ce, ta sama da wadda ruwan ke maidowa. Baƙar fata ma tana ƙonewa. Dogon hannu mara nauyi ya fi singileti. Malfa ta fi hular kwano da hana-salla, don tana rufe ƙeya da kunnuwa, amma a ɗinka mata igiyar haɓa, in ba haka ba iska ta ɗauke ta, mai ita ya miƙa hannu zai cafko, jirgi ya karkata. Hular zanna mai tsada a aljihun jaka. Mai tabarau ya ɗaura masa zare.

7. Takalmi. Silifa da fade suna barin ƙafa da zarar an taɓa ruwa, ko laka ta riƙe su a mashigi. Takalmin fata kuwa, ko na jar akuyar Sakkwato ne da duniya ke yabo, jiƙa ɗaya ya ishe shi ya ƙandare. Abin da ya dace shi ne takalmin roba mai maɗauri a dunduniya, ko tsohon kambas mara nauyi. Bakin ruwanmu akwai fasassun kwalabe da ƙugiyoyin masunta da ƙayar ƙurungu.

Manoman shinkafa da albasa a fadamar Kwalkwalawa da Wurno su kula da dogon takalmin roba mai kaiwa gwiwa. A gona yana da amfani. A jirgi a cire shi a ajiye gefe, don in ya cika da ruwa ƙafa ba ta iya shuri, kuma cire shi a cikin ruwa ba wasa ba ne. Mai hawa allo ya fi jin daɗin tsayuwa da ƙafa tsirara, amma ya tafi da takalmin saboda shiga da fita.

8. A sa launi mai ihu. Ruwan Rima da damina ja ne, kalar ƙasa. Mai kaki ko ruwan toka ko baƙi yana ɓacewa a cikinsa ko daga kusa. Ruwan lemo, rawaya mai haske, ko koren da 'yan sharar titi ke sawa, su ido ke fara kamawa. Usur ɗin roba a ɗaure a kafaɗar rigar ceto, muryarsa ta fi ta mutumin da ya sha ruwa kai wa nesa.

9. Igiya a ƙafa: a tafki e, a gulbi a'a. Allon tuƙi yana zuwa da igiyar da ake ɗaurawa a idon sawu, don in ka faɗi iska kada ta tafi da shi ta bar ka. A ruwa mai kwanciya wannan daidai ne, allon shi ne babban abin da za ka kama. A ruwa mai gudu kuwa igiyar kan zama ajali. In allo ya bi ta wani gefen ginshiƙin gada kai ka bi ta ɗayan, ruwa zai miƙar da kai ya danne, hannunka kuma ba zai kai idon sawu ba. Mutum huɗu sun mutu sakamakon hatsarin ranar 30 ga Oktoba, 2021, a garin Haverfordwest na yankin Wales a Birtaniya, lokacin da ayarin masu alluna suka faɗa wata 'yar madatsa a kogin Cleddau bayan ruwan sama mai yawa. Masu bincike sun ambaci igiyar ƙafa cikin abubuwan da ba su dace da wannan ruwa ba. Ta gulbi a ƙugu ake ɗaura ta, da maɓallin da ake fizgewa da hannu ɗaya.

Darasin bai tsaya ga 'yan wasa ba. Kada yaro ya naɗa igiyar kwalekwale ko ta taru a hannu ko ƙafa. Kuma duk kyan kayanka, kada ka kusanci ƙofofin madatsar Goronyo, kada ka shiga gulbi a kwanakin da aka ce an saki ruwa. Mutanen Sakkwato ba su manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

10. Wuya da kafaɗa su zama babu komai. Jakar ratayawa, carbi mai tsawo, sarƙa, igiyar waya, duk abin maƙalewa ne. Waya da kuɗi da katin shaida a sa cikin leda biyu, a hura ɗan iska a ƙulle, a cusa a aljihu mai zif. Ɗalibi ya sauke jakar baya ya ajiye a gabansa. 'Yan kasuwar da ke ɗaura lalita a ƙugu, in kuɗin takarda ne a ciki babu laifi.

11. Kayan canji da tawul, a ƙulle cikin leda. Dalilin ya wuce sanyi. Tafkuna da madatsai da magudanan fadama a yankin nan suna da tsargiya. Ƙwayarta tana fitowa daga wasu ƙananan dodon-koɗi, ta huda lafiyayyar fata ta shiga, kuma yadi ba ya tare ta, jesi ne ko shadda. Wanda ya fito daga ruwa ya tuɓe jiƙaƙƙun kaya nan take ya goge jiki sosai da tawul. Wannan yana ragewa, amma ba ya ba da tabbaci. Ruwan tafki da aka ɗebo don wanka, in ya kwana biyu a rufe cikin randa ko duro, ƙwayar ta mutu.

Alamar ba ta fitowa ranar, sai bayan makonni. Yaron da aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa ba balaga ya yi ba, kamar yadda wasu ke ɗauka, ciwo ne, kuma in an bar shi shekaru yana lalata mafitsara. A kai shi asibiti a gwada fitsarin. Maganin ƙwaya ce da ake kira praziquantel, ita ake raba wa yara a makarantu, kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna adadinta da nauyi ko tsayin yaro.

12. A gwada kayan tun ba a shiga uku ba. Ranar da babu aiki, maigida ya kai iyali wurin wanka mai tsabta inda ruwa bai wuce ƙirji ba, tare da wanda ya iya ruwa sosai, mata da nasu lokaci. Kowa ya sa ainihin kayan da zai tsallaka da su, da rigar cetonsa, ya kwanta rigingine ya saki jiki. A nan za a ga wandon da ke zamewa, da hijabin da ke tasowa, da maɗaurin da ya yi sako-sako. Yaron da ya taɓa jin yadda rigar ke ɗaga shi ba zai firgita ya yi ta fafutuka ba ranar da abin ya zo da gaske.

In an dawo a ɗauraye rigar da ruwa mai kyau a shanya a inuwa. Ranar Sakkwato tana cin zare da soso, don haka kada a baza ta a kan rufin kwano. Kada a mai da ita matashi ko abin zama a jirgi, soson da aka danne ya lotse ba ya komawa yadda yake. A rataye ta a ƙusa nesa da ɓera, kuma kafin kowace damina a ja maɗauran da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsinke a kai wa mai gyaran takalmi ya mai da shi da zaren roba.